Kunnen Mai Naɗi

Tun daga wurin da matar ta zaɓa ta tsaya Mai Naɗi ya sha jinin jikinsa. Shagon ba wani faɗi gare shi ba, taku huɗu ne daga ƙofa zuwa teburin aiki, kuma duk wanda ya shigo hannun dama yake nufa, inda benci yake. Ita kuwa sai ta ratse ta bayan sifika, ta tsallake tulin wayoyi, ta je ta tsaya a hagunsa, daidai kunnen da ya fi lalacewa. Kunnen da, a iya saninsa, ba mahaluki a layin nan da ya san ya lalace.

"Baba, ga Injiniya na kawo maka," in ji Tsawa, yana sauke jakar jita daga kafaɗa. "Ita za ta ɗauki waƙoƙinmu a situdiyo ranar Asabar. Na ce lallai ta zo ta ga inda ake ƙera abin."

Matar ta ce wani abu. Ya ga leɓenta ya motsa, ya gane gaisuwa ce, amma kanta a sunkuye yake, muryar kuma siririya, irin wadda ke zamewa ta gefen kunnensa ta wuce. Ya juya kujerarsa gaba ɗaya kamar mai neman sukudireba, ya ba ta kunnen dama.

"Lafiya lau, 'yata. Ga benci can."

"Nan ma ya yi, Baba."

Nan ma ya yi. Ya ajiye wannan a ransa.

Shekararsa hamsin da takwas, kuma bai taɓa kaɗa waƙa ɗaya daga farko har ƙarshe ba. Da naɗin wayar fanka ya fara sana'a, daga nan ya shiga wani gareji inda ake naɗa wayar janareta da injin jan ruwa. Shekara ashirin da biyu ya yi a can. A ɗaki ɗaya ake naɗi, a ɗakin ake tayar da injin a gwada, kuma wanda ya kuskura ya cusa auduga a kunne sai an yi mako ana masa dariya. Shi yana cikin masu dariyar.

Jita ta shigo rayuwarsa ne ranar da wani makaɗin otal ya kawo masa tasa da ta yi shiru, don ya rasa wanda zai kai wa. Mai Naɗi ya kwance ɗan akwatin nan da ke kwance ƙarƙashin tsirkiyoyi, wanda makaɗa ke kira fikof, ya buɗe shi yana ɗar-ɗar. Me zai gani? Maganaɗisu da wayar jan ƙarfe, siririya ƙwarai, gashin kai ya fi ta kauri, an naɗa ta sau dubbai. Tsirkiya ta girgiza, fikof ya ɗauko girgizar ya miƙa wa amfilifaya mai ƙara ƙarfin sauti, shi ke nan. Ya yi dariya ya ce ashe ƙanwar fanka ce. Da ya koma gida ya ɗauke tsohon keken ɗinkin matarsa, ya cire allura, ya ɗaura ƙwaryar naɗi a jikin ƙafar da ke juyawa. Sau goma sha ɗaya wayar na tsinkewa kafin ya koyi yadda yatsa ke riƙe ta, ba matsi ba saki. Na sha biyun ya yi magana. Har yau in suka sami saɓani da maiɗakin nasa, kafin a je ko'ina sai ta tambaye shi kekenta.

Daga baya ne samarin kiɗan nan da suke kira metal suka gano shi. Su tsirkiyoyinsu masu kauri ne kamar wayar shanya, kuma sassauta su suke yi har sautin ya gangara can ƙasa, ya koma gurnani. Sai su danne su da gefen tafin hannu su dinga sara, gib-gib-gib, su tsaya cak, su ci gaba. Matsalarsu ɗaya ce kullum. In fikof ya cika ƙarfi, gurnanin sai ya cakuɗe, ba ka bambance bugu da bugu, wannan suke kira taɓo. In ya yi sanyi kuma, sai su ce ba shi da haƙori. Abin da suke nema shi ne ƙasa ta ɗaure, sama ta yi cizo, in hannu ya tsaya komai ya tsaya. Mai Naɗi bai taɓa son kiɗan ba, ya sha faɗa musu cewa janareta ya fi su tsari, amma ya gane yarensu. Ya san in ka yawaita naɗi sauti zai yi ƙarfi ya yi duhu, in ka rage zai yi haske. Ya san baƙin maganaɗisun nan mai kama da fasasshiyar tukunya ya fi cizo, mai ruwan azurfa ya fi taushi. Ya san in an gama naɗi sai an tsoma fikof a narkakken kaki, ya shiga tsakanin wayoyin ya riƙe su, don kada su dinga rawa da kansu. Sauran kuwa kunne ne. Ba takarda, ba na'ura. Kunnen Mai Naɗi, haka ake faɗa, kuma a kan wannan kalmar shagon yake tsaye.

Shekara uku ke nan da kunnen ya fara janyewa. Daga sama ya fara. Wata safiya maiɗakinsa ta fito daga wanka ta same shi zaune a kicin, butar shayi na ta fito a kan wuta har ruwan ya kusa ƙonewa.

"Malam, tunanin me kake yi haka? Ba ka jin butar?"

Ya ce yana ji, so yake ruwan ya tafasa sosai. Ta dube shi, dubawar ta ɗan yi tsawo. Tun daga ranar ya zama ɗalibin fuskoki. Ya koyi karanta leɓe. Ya koyi zama da bango a hagunsa. Ya koyi yin dariya daƙiƙa guda bayan kowa ba tare da an lura ba. A shago kuma ya ƙirƙiro dabara: in ana gwada fikof sai ya ɗora haɓarsa a jikin katakon jitar, ya lumshe ido, girgizar ta hau ta ƙashin muƙamuƙi. Samarin suka ɗauka wani babban sirri ne na gwanaye. Har hotonsa suka ɗauka a haka, wasu ma suka fara kwaikwayo. Abin da ya fi ɗaure masa kai, a waɗannan shekaru ukun ne sunansa ya fi tashi. Wai fikof ɗinsa na yanzu sun fi na da haƙori. Bai san dalili ba, kuma tsoron bincike yake yi.

Tsawa ya zazzage jakar leda a kan tebur. Shi dai ba baƙo ba ne, shekara takwas yana zuwa. Da rana ma'aikacin kantin magani ne, farar riga, magana ƙasa-ƙasa, yana rubuta wa tsofaffi safe-da-yamma a jikin kwalin ƙwaya. Tela, maƙwabcin Mai Naɗi, shi ya laƙaba masa Tsawa ranar da gwajin farko ya kakkaɓo masa almakashi daga ƙusa.

Fikof uku ne suka faɗo. Ɗaya na Mai Naɗi ne, wanda ya naɗa wa sabuwar jitar Tsawa mai tsirkiya bakwai makonni uku da suka wuce. Biyun na kamfani ne, suna ƙyalli, ɗaya ma irin mai aiki da batir ne, an rufe shi ruf da baƙar roba, ba ka ganin ko ƙusa ɗaya.

"Gwadawa kawai za mu yi, Baba," in ji Tsawa, idonsa na kan igiyar takalminsa. "Ka san aikin situdiyo. Kai za ka zaɓa mana, kunnenka ne alƙali."

Mai Naɗi ya ɗauki kwalin mai batir ɗin ya juya. An kankare takardar da ke manne a gefe, amma an bar ɗan kusurwa, ruwan lemo. Shago ɗaya ne a duk layin ke manna irin wannan takarda, na Mai Gilashi da ke tsallaken titi, mutumin da bai taɓa narka dalma ba a rayuwarsa, sai dai ya jera kayan kamfani a akwatin gilashi ya kunna musu fitila. To, ga zaren ya fara fitowa. An je wurin Mai Gilashi, an kankare shaida, an zo da baƙuwa ta tsaya a hagu, sannan a ce kunnenka ne alƙali. Wa ya faɗa musu? Maiɗakinsa ce ta fara faɗo masa a rai. Wata biyu ke nan yana tsintar katin asibitin kunne a wuraren da kati ba ya zuwa da kansa, ƙarƙashin kofin shayi, cikin aljihun rigar da zai sa. Kuma a kantin su Tsawa take sayen maganin hawan jininta. Ko Tela ne? Tela bakinsa ba ya riƙe ko zare.

Kamar an kira shi, sai ga kan Tela ya leƙo ta ƙofa, tef a wuya.

"A'a, Tsawa ne? Bari in je in ɗaure almakashina. Malama, ke ma cikinsu kike? Kina da kamala haka?"

"Ita ce mai ɗaukar sautin," in ji Tsawa.

"Ɗauka a kai ina? Ai wannan zubarwa ya kamata a yi. Mutumina, in za ku fara ka buga mini bango, ina da yankan da ba ya son firgita."

Ya janye kansa. Jim kaɗan Mai Naɗi ya ji kekensa ya ci gaba da aiki, ba da kunne ba, ta tafin ƙafa, don siminti ɗaya ne ya haɗa shagunan biyu.

Ya sauko da jitar gwaji daga bango. Shi ya sassaƙe ta da hannunsa, ya huda mata rami ta baya, ta yadda za a zura fikof a maƙala masa waya biyu a gwada, a zare a sa wani, ba sai an kwance tsirkiya ba. Tsawa ya rataye ta, ya ciro 'yan robobin toshe kunne daga aljihu ya cusa, kamar yadda ya saba. Injiniya ta miƙa hannu ta murɗa amfilifaya har inda Mai Naɗi ba ya kai ta. Ba ta nemi izini ba. Wannan ma ya ajiye.

Na kamfani mara batir aka fara sawa. Tsawa ya sara. Kwalaben sukurori suka ɗauki rawa a kan kanta. Mai Naɗi ya sunkuya ya ɗora haɓa a kafaɗar jitar, ya lumshe ido, amma bai rufe duka ba, ya bar 'yar kafa yana kallon matar. Gurnanin ya hau muƙamuƙinsa da faɗi, kowane bugu na jan jela ya shiga na bayansa.

"Taɓo," ya ce. "An cika masa naɗi. Wannan na masu tsirkiya shida ne, bai san ƙasa irin taku ba."

Injiniya ta gyaɗa kai sau ɗaya. Ya ci wannan. Ƙasa ai tasa ce, ba wanda zai kayar da shi a ƙasa.

Aka sa mai batir. Wannan karon bugun ya zo a yanke, kowanne daidai da ɗan'uwansa, kamar an auna da ma'auni. Ko Tsawa ya sara da ƙarfi ko a hankali, abu ɗaya ke fitowa.

"Ya ɗaure," in ji Mai Naɗi, don ƙarya a nan ba za ta yi amfani ba. "Amma ba ya sanin hannu. Kai ka kaɗa, Tela ya kaɗa, duk ɗaya ne a wurinsa."

Tsawa ya zare roba ɗaya. "Amma fa shiru gare shi, Baba. Ka ji yadda yake tsayawa? Kamar an kashe wuta."

Da sauri ya faɗe ta, kamar maganar da aka taho da ita a baki tun daga gida. Mai Naɗi ya dube shi, Tsawa ya mayar da robarsa.

Saura nasa. Ya zura shi a ramin, yatsunsa suka san kowane gefe. Da wannan fikof ɗin ya yi abin da ya jima yana yi a ɓoye, ya ma ƙara. Duk abin da ya naɗa a 'yan shekarun nan, in ya gwada sai ya ji shi a dushe, kamar an lulluɓe sifika da bargo. Sai ya rage naɗi. Ya ji har yanzu a dushe, ya koma baƙin maganaɗisu. Daga baya ya fara zargin kaki, ya ce shi ke shaƙe sautin. Da can sai kumfa ta daina fitowa yake tsamo fikof daga tukunyar. Wannan kuwa tsomawa ɗaya ya yi masa ya fitar.

Tsawa ya sara. Ko ta ƙashi Mai Naɗi ya ji bambancin, bugun na da baki, yana shiga yana fita ba ya barin jela. Ya saci kallon matar. Girarta ta ɗan ɗaga, ta matso taku ɗaya. Tsawa ya yi sara huɗu ya tsaya cak, ya yi huɗu ya tsaya. Ta ɗaga hannu ta ce ya maimaita. Ya maimaita. Sai ta juyo, karon farko ta dubi Mai Naɗi ido cikin ido, ta yi magana a fili yadda leɓenta ba ya bukatar fassara.

"Baba, wannan ɗan fiton fa? Duk inda ya tsaya sai ya yi tsit. Ka ji shi?"

Ga ramin da aka yi ta haƙa tun shigowarsu. Ya gan shi sarai, har ƙasansa. In ya ce ya ji, alhali babu wani fito, ta kama shi, ƙirƙira ta yi don ta gani ko zai bi. In ya ce babu, alhali akwai, ta kama shi. Ya nemi taimako inda ya saba nema. Fuskar Tsawa ba ta ce komai ba, kunnensa a toshe. Fuskar matar kamar bango. Tela ma bai leƙo ba. Ya ɗora ɗan yatsa a kan fikof ɗin kamar mai duba sukuru, ko fata za ta ji abin da kunne ya kasa. Ba komai. Sauti in ya yi sama da yawa ba ya taɓa fata.

"Sake bugawa," ya ce.

Tsawa ya sara, ya tsaya. A wurin Mai Naɗi shirun tas yake, kamar ruwan randa.

Zai iya cewa amfilifayar ce, ta murɗa ta fiye da kima. Zai iya cewa waya ce ta saki. Amsoshin nan biyu ya tanada tun shekarar farko don rana irin wannan, kuma duka biyun suna nan a bakinsa. Amma ya dubi matar ya ga ta karkata kai tana jira, ya tabbata ta riga ta sani, so take kawai ta ga irin ƙaryar da zai zaɓa, ta kai wa Mai Gilashi su yi dariya. Wani abu ya taso masa, ba kunya ba, zuciya. Ba zai yi rawa a gaban sa'ar 'yar cikinsa ba.

Ya miƙa hannu ya kashe amfilifayar. Ya yi wa Tsawa alama ya cire robobin.

"Ban ji ba," ya ce. "Akwai ko babu, ban ji ba. Shekara uku ke nan ba na jin sama. Na hagun ya tafi, na daman yana bin sa. Abin da aka aiko ku ku ji ke nan, to kun ji. Ku je ku faɗa wa wanda ya aiko ku."

A tafin ƙafarsa ya ji keken Tela ya tsaya.

Injiniya ta zaro ido. Mamakin da ke fuskarta ba na wasa ba ne, shekara uku yana karatun fuska, ya san na gaske. "Wa ya aiko mu? Baba, ni tambaya na yi. Akwai fiton wallahi, ɗan kaɗan ne, na ɗauka ka san shi."

"To me ya kai ki hagu?"

"Hagu?" Ta dubi inda take tsaye. "Nan ne saitin sifikar. A benci ba zan ji komai ba sai bango."

Sai ya juya wajen Tsawa, kuma a nan ya ga abin da ya fi fiton ciwo. Kafin Tsawa ya haɗa fuskar jimami, kafin ya ce "Subhanallahi, Baba," wani abu ya gifta masa, bai kai ƙiftawar ido ba. Kafaɗunsa suka sauka. Sauƙi ne. Sauƙin mutumin da ya ɗauko kaya mai nauyi, ya iso ya tarar wani ya sauke masa.

A take Mai Naɗi ya warware naɗin duka. Ba wanda ya aiko kowa. Tsawa mai batir ɗin yake so, tun kafin ya shigo ya gama zaɓa, wataƙila tun ranar da ya ji fiton a ɗakinsa. Shekara takwas na Baba-Baba ne suka hana shi faɗa. Shi ya kankare takardar don kada a ga ya tsallaka titi. Shi ya jawo matar don ita ta furta, shi ya tsaya a gefe yana cewa ka san aikin situdiyo. Ba kunnen Mai Naɗi aka zo tonawa ba, hanyar fita aka zo nema. Shi kuma ya ɗauki sirrin shekara uku ya miƙa da hannu biyu, ba wanda ya tambaye shi.

"Baba, da ka faɗa mini ai da tuni, akwai likitan da ke zuwa kantinmu..."

"Kawo jitarka."

"Ba sai yau ba, Baba, mu bari..."

"Kawo, na ce. Mai batir kake so. Tun ɗazu yake leƙowa ta bakinka."

Tsawa bai musa ba. Wannan rashin musun ma ya shiga inda sauran suka shiga.

Minti arba'in aikin ya ci. Ya sassauta tsirkiyoyi, ya canza maɓallan murɗawa zuwa irin da mai batir ke bukata, ya nemo wa batir ɗin gurbi ya naɗe shi da soso don kada ya yi ƙara. Ɗigon dalmarsa kowanne ya fito sumul yana sheƙi. Da gangan ya yi aikin da kyau fiye da kullum, don duk wanda ya buɗe jitar nan gaba ya san hannun bai mutu ba. Tsawa ya karɓa, ya yi godiya har sau uku, ya ce zai leƙo bayan Asabar. Daga yadda ya faɗa Mai Naɗi ya san ba zai leƙo ba.

Matar ba ta bi shi ba. Ta zagayo dama, ta zauna a benci, ta ɗauki fikof ɗinsa tana juyawa a tafin hannu.

"An bar ki a baya," ya ce.

"Baba, wannan ya fi su duka biyun."

"Kada ki yi mini sadaka, 'yata. Ban kai nan ba tukuna."

"Ni ba na sadaka da kunnena, da shi nake ci." Ta ɗaga murya daidai, ba ihu ba, ta bar leɓenta a fili. "Jitar da ke da aikinka biyar na ɗauka a situdiyo. Kowacce ta fi wadda ta gabace ta haske. In na haɗa da ganguna da komai, naka ne kaɗai ba sai na yi ta sassaƙa ba, da kansa yake huda ya fito. Na jima ina tunanin me mutumin nan ke ji da mu ba ma ji. Ashe..."

"Ashe abin da ba ya ji ne. Ƙarasa."

"Kana bin saman da ya ɓace maka, kana ƙara shi. Su kuma yaran nan, da ƙasan da suke kaɗawa, daidai abin da suke bukata ke nan. Kakin ne kawai ka yi wa rowa."

Shekara uku ana yabonsa a kan ciwonsa, shi da masu yabon ba wanda ya sani. Bai san ko dariya zai yi ba.

"Me kike so?" ya ce. Don ba a zama a benci haka kawai.

"Huɗu irin wannan, na jitocin situdiyo. Naɗin kada ka taɓa shi. Kakin a bar shi ya ratsa."

"In kakin ya dushe shi fa? Wa zai ji mini?"

"Ni. Ka naɗa, in saurara, in faɗa maka."

Ya dube ta da kyau. Mai saurare a gefen keke ai mai kallo ne. Za ta ga maganaɗisun, za ta ga yadda yatsa ke kai waya da komo da ita, za ta ga inda ake tsayawa. Wata shida ta sayi nata keken, ko ta kai wa wani. Ko kuma gaskiya take faɗa, fikof huɗu kawai take so. Fuskarta ba ta nuna ko ɗaya ba. Amma in ya ce a'a, wa ya rage? Kafin la'asar Tela zai gama raba labarin har tsallaken titi.

"Talata da safe," ya ce.

A gida maiɗakinsa ta zuba masa shayi ta zauna ta damansa, kuma ya kasa tuna tun yaushe ta koma zama a nan.

Ranar Talata yana buɗe kwaɗon shago Tela ya fito, ya tsaya a gabansa, ya buɗe baki kamar mai kiran wani a hayin kogi, yana haɗawa da hannu.

"MU-TU-MI-NA! KA! TA-SHI! LA-FI-YA?"

"Kai, rufe mana baki. Sama ce ba na ji. Gulma a ƙasa-ƙasa ake yin ta, ina jin ta sarai."

Tela ya ƙyalƙyale da dariya, amma a tsallaken titi Mai Gilashi na tsaye a ƙofarsa da tsumma a hannu, bai goge komai ba, kallo yake. Wani saurayi da ya saba kawo jita ya zo wucewa, ya ɗaga hannu daga nesa, bai tsaya ba.

Injiniya ta iso ƙarfe tara da ɗan littafi a hannu. Ya dubi littafin har sai da ta mayar da shi jaka. Ya ɗora tukunyar kaki a kan wuta, ya zauna gaban keken, ya zaro bakin wayar ya ɗaura. A jikin keken akwai ɗan agogon da ke ƙirga zagayen naɗi, lambobinsa na fuskantar benci. Ya yanko baƙin salatif ya manne fuskar agogon ruf, ya bar 'yar kafa ta gefen da shi kaɗai ke gani.

"Baba, har da ni?"

"Kunne kika ce za ki ba ni aro. Ban ji kin ce ido ba."

Ya taka keken. Wayar ta fara gudu tsakanin yatsunsa, yatsun sun san aikinsu ba sai an duba su ba. Ita yake kallo, yana jira ya ga ko leɓenta zai fara ƙirga.